RA'AYINMU: Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Tsara Ganin?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. An yi wannan karin magana ne a zamanin da ido ba ya ganin kome sai abin da ke gabansa, watau zamanin da in mutum ya ce ya ga gobara a kasuwa, to, lalle ya tsaya kusa da ita har ya ji hucinta. Yau kuwa mafi yawan abin da idanunmu ke gani wani ne ya zaɓa, ya ɗauka, ya yanke, ya haɗa, ya sa masa kiɗa, sa'an nan ya miƙo mana. Saboda haka ne muka ga ya dace a wannan fitowa mujallarmu ta tsoma baki cikin wata muhawara da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai da teburan masu shayi, watau batun 'yan'uwanmu masu karatun fim, da ƙarar da ake kai su cewa sun ɓata wa kansu kallo, suna kuma nema su ɓata wa kowa.

Ƙarar nan ba ta rasa madafa ba. Duk wanda ya taɓa zama kallo tare da ɗaya daga cikinsu ya san abin da ake nufi. Ana tsakiyar baƙin ciki, an raba uwa da ɗanta, rabin 'yan kallo suna share ƙwalla a ɓoye, sai ka ji shi yana zungurar na kusa da shi, wai a duba yadda aka matso da kyamara kan fuskar matar daidai lokacin da sarewa ta shigo. Jarumi ya yi tsalle daga bene ya dira bisa doki, kowa ya ɗauki sowa, shi kuwa sai ya ce ai hotuna uku ne aka haɗa, kuma wanda ya yi tsallen ma ba jarumin ba ne. Su kansu masu wannan karatu ba su musun cewa kallo ya sake musu kama. Da yawansu sukan ce tun da suka shiga aji fim bai ƙara tafiya da su gaba ɗaya kamar yadda yakan yi da suna yara ba. To, ashe tambayar da ke gabanmu ita ce, wannan ilmi riba ce ko hasara? Mu dai a ganinmu riba ce babba, ko da yake tana da kuɗinta, tana kuma da sharuɗɗanta, kuma za mu yi ƙoƙarin bayyana dalilanmu.

Abu na farko da ɗalibi ke koya shi ne cewa a cikin fim babu abin da ke motsi. Hotuna ne tsayayyu, kowanne ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, ake gilma su gaban ido da sauri, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ga mutum yana tafiya. A bisa ƙa'idar da aka tsayar tun da sauti ya shiga fim a ƙarshen shekarun 1920, hotuna 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa ɗaya. Tun ranar 28 ga Disamba 1895, sa'ad da waɗansu Faransawa biyu wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, suka tara mutane a wani ɗaki a birnin Faris, suka karɓi kuɗinsu, suka nuna musu hotuna masu motsi, a kan wannan dabara sana'ar ta tsaya. Watau dai tun daga tushe, rabin aikin mai kallo ne ke yin sa da kansa, ba tare da ya sani ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Wajen shekarar 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna farin ciki ko baƙin ciki, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sa'an nan da hoton yarinya cikin akwatin gawa, sa'an nan da hoton wata mace a kishingiɗe. An ruwaito cewa 'yan kallo suka yi ta yabon gwanintar ɗan wasan, yadda ya nuna yunwa a nan, ya nuna juyayi a can, ya nuna sha'awa a ƙarshe, alhali kuwa fuska ɗaya ce, ba ta sake ba ko kaɗan. Ma'anar ba ta cikin hoton fuskar, ba ta kuma cikin hoton kwanon. A mahaɗarsu take, kuma wanda ya haɗa su shi ya ƙaga ta. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai ƙara ɗaukar mai tace fim a matsayin ƙaramin ma'aikaci mai almakashi ba. Zai gane cewa a ɗakinsa ake yanke shawarar wanda za mu tausaya wa da wanda za mu tsana.

Daga nan sai sauran ƙa'idojin su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai koyon Larabci ke shiga nahawu. In aka ajiye kyamara ƙasa tana duban mutum sama, sai ya cika ido, ya yi kwarjini. In aka ɗaga ta tana duban sa ƙasa, sai ya ƙanƙance ya zama abin tausayi. In haske ya faɗo wa fuska daga gaba sai ta yi laushi, in ya taso daga ƙasa sai ta zama ta mugu. Mutum biyu da muke gani suna zance ido da ido, mai yiwuwa ne an ɗauki kowannensu shi kaɗai, a ranaku dabam. Ƙarar kofaton doki sau da yawa ɓawon kwakwa ne ake bugawa a ɗakin ɗaukar sauti, ƙarar naushi kuwa ba ta taɓa fitowa daga jikin wanda aka nausa ba. Haka nan muryar da ta sa iyayenmu kuka a finafinan Indiya ba ta 'yar wasan da suke gani ba ce. Mawaƙa irin su Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, da Muhammad Rafi, wanda ya rasu a 1980, su ke rera waƙar tun kafin a ɗauki hoto, 'yan wasa kuwa baki kawai suke motsawa. Lata ita kaɗai ta ara wa 'yan wasa mata muryarta tsara bayan tsara, tun daga shekarun 1940. Wannan al'ada ce finafinanmu na Hausa suka gada.

To, sanin waɗannan abubuwa yana kashe daɗin kallo? Bari mu duba sauran sana'o'i mu gani. Malamin da ya san karin waƙa da amsa-amo, in ya saurari waƙar Aƙilu Aliyu ko ta Mu'azu Haɗeja, ba wanda zai ce bai ji daɗinta ba don ya san inda aka auna gaɓoɓi. Hasali ma shi ne ke girgiza kai a wurin da mu muka wuce ba mu lura ba. Magini in ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina, yana ganin abin da baƙo mai yawon buɗe ido ba ya gani, domin ya san wuyar ɗaure bakan gizo da azara da laka har ya ɗauki nauyin rufi. Ɗan makaɗi ya fi kowa sanin ranar da kalangu ya faɗi magana. A kowace sana'a, wanda ya san wuyar abu shi ya fi sanin ƙimarsa, kuma ba mu ga dalilin da zai sa fim ya fita daga wannan hukunci ba.

Wani gwanin shirya finafinan ban tsoro, Baturen Ingila Alfred Hitchcock, ya taɓa ba da wani misali da ya dace da zancenmu. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna hira, akwai bam ƙarƙashin teburinsu. In mai kallo bai sani ba, zai zauna cikin hira marar armashi, bam ya tashi, ya firgita na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma in aka nuna masa bam ɗin tun farko, aka nuna masa agogo, to, kowace kalma ta hirar nan za ta tsaya masa a maƙogwaro, zai yi ta jin kamar ya yi musu ihu su tashi. Sanin da aka ba shi bai rage masa kome ba, shi ne ma ya riƙe shi a kujera. Haka ilmin fim yake ga mai shi. Fim ɗin da a da kallo ɗaya ke ƙare shi, yanzu sai ya kalle shi sau uku, kowane karo da abin da zai tsinta.

Duk da haka ba za mu ɓoye cewa akwai abin da ake rasawa ba. Mamakin nan na yaro, wanda ke leƙa bayan farin ƙyalle ya ga ina mutanen suka shige, in ya tafi ba ya komowa. Akwai kuma wani mataki mai wuya da kusan kowane ɗalibi ke bi ta cikinsa, lokacin da ya san sunayen dabaru amma bai san amfaninsu ba tukuna. A wannan mataki ne ba ya ganin labari sai kurakurai: agogon hannu a fim ɗin zamanin da, inuwar mai ɗaukar sauti a bango, hular da ta sake launi tsakanin fitowa biyu. Irin wannan ne aka yi wa karin maganar nan, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma mataki ne, ba masauki ba. Wanda ya daure ya wuce shi yakan kai inda zai iya riƙe abu biyu a lokaci ɗaya, zuciyarsa tana tare da matar da aka raba da ɗanta, hankalinsa kuma yana lura da hannun da ya tsara rabuwar. Sa'an nan yana da ikon da ba shi da shi a da, watau ya yarda fim ya taɓa shi in ya cancanta, ya ƙi in ya ga ana neman a yi wasa da hankalinsa ne kawai.

A kan wannan iko ne muke so masu karatu su tsaya su yi tunani, domin batun ya wuce nishaɗi. A 1915 wani Ba'amurke, D. W. Griffith, ya fitar da The Birth of a Nation, fim ɗin da masana suka yarda ya ciyar da dabarun sana'ar gaba ƙwarai, musamman yadda ake nuna abu biyu suna faruwa a wurare dabam, ana kai da kawowa tsakaninsu har numfashin mai kallo ya ɗauke. Amma da wannan gwaninta aka nuna baƙar fata a matsayin dabbobi masu haɗari, Turawa ne ma suka shafa baƙi suka fito a yawancin manyan matsayinsu, aka kuma nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan a matsayin masu ceto. A wannan shekara ce ƙungiyar ta sake farfaɗowa, ta kuma daɗe tana amfani da fim ɗin wajen jawo mabiya. A 1925 Sergei Eisenstein ya shirya Battleship Potemkin a kan tawayen sojojin ruwan Rasha na 1905, ya tsara kisan jama'a a kan matakalar birnin Odesa, da keken jariri yana gangarowa shi kaɗai, har mutane da yawa suka ɗauka tarihi ne, alhali kisan bai auku a kan matakalar nan kamar yadda ya nuna ba. A 1935 kuma Leni Riefenstahl ta fitar da fim ɗin taron jam'iyyar Nazi na 1934, inda ta buɗe da jirgin Hitila yana saukowa daga cikin gizagizai, ta yi ta ɗaukar sa daga ƙasa har ya zama kamar ba ɗan Adam ba. Dukan ukun gwanaye ne. Gwaninta ba ta da alƙibla sai wadda mai ita ya ba ta, kuma mai kallon da bai san yadda take aiki ba, duk inda aka juya shi nan zai fuskanta.

Mu a nan ba mu bukatar tafiya nesa neman misali, domin da yawa daga mutanenmu a bayan motar gwamnati fim ya fara iso musu. Kakanninmu sun san majigi, motar da ke zuwa ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a tada inji, wani ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Wani jami'in kiwon lafiya a Ikko, William Sellers, shi ya fara amfani da fim wajen wa'azin tsabta a shekarun 1920, kuma shi aka ba shugabancin sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Ƙa'idarsa ita ce ɗan Afirka ba zai fahimci fim ba sai an yi masa shi a hankali, ba yawan yanka, ba juya kyamara, ba wata dabara. Turawan wancan zamani sun daɗe suna yaɗa wani labari don ƙarfafa wannan ra'ayi, wai an nuna wa waɗansu ƙauyawa fim a kan zubar da ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, da aka tambaye su me suka gani, sai suka ce kaza. Da masu fim ɗin suka koma suka duba, sai ga kaza kuwa ta gilma a gefen hoton na ɗan lokaci kaɗan. Su sun ɗauki wannan a matsayin shaidar jahilci. Mu kuwa abin da muka gani a ciki shi ne, mutanen ƙauye sun hango abin da masu kyamara da kansu ba su lura da shi ba. Bayan samun mulkin kai a 1960 majigi bai mutu ba, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da amfani da shi wajen nuna rangadin shugabanni da ayyukan raya ƙasa. Hannu ya sake, amma kayan aikin bai sake ba.

A gidajen silima kuwa, waɗanda a Kano suka fara da Rex a 1937, wani darasin ake bayarwa. A 1935 aka yi Sanders of the River, labarin wani jami'in mulkin mallaka a ƙasar nan, inda mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, ya fito a matsayin basarake mai biyayya. Da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin a ƙarshe, sai ya barranta da shi. Ko shi da ke cikin fim ɗin bai san abin da ɗakin tacewa zai mai da shi ba. Frantz Fanon kuma, a littafinsa na 1952, ya lura cewa yaro baƙar fata a tsibiran Karebiyan in yana kallon Tarzan, bayan Tarzan yake bi, yana murna in an fatattaki baƙaƙen daji, bai san da shi ake ba. Haka samarinmu suka yi ta tafa wa kaboyi yana harbe jajayen Indiyawan Amurka a ƙasar kakanninsu. Ba don sun rasa hankali ba ne. Kyamara ce aka ajiye a bayan kafaɗar kaboyi, shi aka ba suna da fuska da masoyiya, su kuwa aka bar su taro a nesa masu ihu. Wanda ya karanci fim yakan tambayi kansa tun a mintocin farko: a bayan kafaɗar wa aka tsayar da ni? A Nijar, Mustafa Alhassan ya gane wannan tun 1966, ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka sake sunaye, suka addabi garinsu da sata da faɗa.

Kada kuma a ɗauka muna cewa 'yan kallonmu tumaki ne. Da 'yan kasuwa Lebanawa suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950, jama'a da kansu suka zaɓe su a kan na Amurka, ba tare da sun ji harshen ba, domin sun ga abin da suka sani: auren dole, kunya tsakanin saurayi da budurwa, girman iyaye, talaka da mai ba da bashi, kamar yadda Mother India na 1957 ya nuna. Har sunaye suka raɗa wa 'yan wasa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Wannan ma karatu ne, kuma mai zurfi. Abin da ilmin aji ke ƙarawa a kai shi ne harshen bayyana abin da ido ya riga ya ji, da sanin tarihin da ke bayansa.

Shaida mafi ƙarfi a kan amfanin wannan ilmi ita ce, waɗanda suka fara mai da wa Afirka fuskarta a fim, sai da suka koyi sana'ar tukuna. Usman Sembene na Senegal marubuci ne, amma da ya ga mafi yawan mutanensa ba su iya karanta littattafansa, sai ya tafi Masko ya koyi fim a farkon shekarun 1960, ya komo ya yi Borom Sarret a 1963, da Mandabi a 1968 cikin harshen Wolof. Shi ne ya riƙa kiran silima makarantar dare ta jama'a. Umaru Ganda na Nijar, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, ɗan dako ne a Abijan sa'ad da Jean Rouch ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Bai tsaya a gaban kyamara ba, ya zagaya bayanta, ya ba da labarin tsohon soja da kansa a Cabascabo, kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. A 1986 Med Hondo ya shirya Sarraounia, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, labarin da a fim ɗin Turawa da ita za a bari a nesa tana ihu. A nan gida kuma Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim a 1976. Abin takaici, fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a Barlin a 2018. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin sa? Al'ummar da ba ta ɗauki fim abin karatu ba, ba za ta ɗauke shi abin adanawa ba.

Wannan ya kawo mu kan finafinanmu na Hausa, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, suka bunƙasa har suka zama sana'ar dubban mutane. Muhawarar da ake yi a kansu kusan kullum ba ta wuce abu biyu: ko sun ɓata tarbiyya, ko sun kwaikwayi Indiya. Waɗannan tambayoyi ne masu muhimmanci, kuma tun 2001 akwai hukumar tace finafinai a Kano da ke kula da ta farkon. Amma ba su ne kaɗai tambayoyin ba. Me ya sa mutum biyu za su zauna a kujera su yi ta faɗa mana abin da ya kamata a nuna mana? Me ya sa kowane gida a fim ya zama na attajiri, alhali masu kallo a gidan haya suke? Yaya ake nuna baƙauye, da bazawara, da almajiri, da ɗan wata ƙabila, kuma wa ke dariya, wa ake yi wa? Ina kasuwa, ina gona, ina marina da maƙera, ina hasken hantsi a kan katangar laka? Mai shirya fim ba zai gyara aikinsa don an zage shi ba, amma zai gyara in ya san akwai masu kallo da ke lura, masu iya cewa wannan fitowar ta yi kyau saboda kaza, waccan ta faɗi saboda kaza. Masu kallo na ƙwarai su ke haifar da finafinai na ƙwarai.

Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikatan gwamnati kuma, da mu da za mu bi sahunsu gobe, maganar ta fi kusa. Yawancin gidajen siliman da iyayenmu suka sani sun rufe, amma majigi ya koma aljihun kowa. Gwajin Kuleshov, wanda a da sai malami da ɗakin aiki, yau yaro na iya yin sa da waya cikin minti biyar: ya yanko rabin jawabin mutum, ya liƙa masa hoton wata gobara ta wata ƙasa, ya sa kiɗan juyayi, ya watsa. A ƙasar da ta sha ganin jita-jita ta zama rikici, rikici ya zama jana'iza, wannan ba abin wasa ba ne. Yanzu ma har kwamfuta na iya ƙaga fuska da muryar mutum, ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. Jami'in da za a kawo wa hoton bidiyo a ce shaida ce, da malamin da ɗalibansa za su tambaye shi gaskiyar abin da suka gani, da ma'aikacin lafiya ko na gona da za a ce ya shirya fim don wayar da kan jama'a, dukansu suna bukatar su san abin da ke wajen hoto, abin da aka yanke kafinsa da bayansa, da wanda ya biya kuɗin ɗaukarsa. Na ƙarshen nan kuma yana bukatar ya san tarihin Sellers, don kada ya maimaita raina mutanen da aka aike shi ya yi wa aiki.

Saboda haka muna da kira iri biyu. Ga 'yan'uwanmu masu karatun fim muna cewa, ilmi da ladabi tare suke tafiya. Lokacin kallo na kallo ne, sharhi ya jira a kunna fitila. Kada ku raina wanda ya yi kuka don kun san yadda aka jawo hawayen, domin don shi aka yi fim ɗin, kuma ranar da kuka kasa sa shi kuka ko dariya da naku aikin, sunayen dabarun da kuka haddace ba za su cece ku ba. Kada kuma ku mai da jerin finafinan Turai da Amurka da aka ba ku a aji ma'aunin kome. Mai tatsuniya da ɗan kama da 'yan tashe sun san jan rai da ɓoye sirri tun kafin a ƙera kyamara. Muna kuma roƙonku ku zauna da ɗaliban Hausa da mutanen sana'ar ku daidaita kalmomin wannan fanni cikin harshenmu, domin ilmin da ba a iya faɗin sa da Hausa ba zai fita ƙofar jami'a ba.

Ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, muna ba da shawara a kafa zauren kallo, ko da sau biyu ne a wata, a buɗe shi ga kowane sashe da ma'aikatan gari, a nuna aikin Sembene da Ganda da Adamu Halilu tare da na Indiya da na Kano, bayan an gama kuma a ba da rabin sa'a a tattauna da Hausa. Ba ya bukatar kuɗi masu yawa: ɗaki, da na'urar haskawa, da farin bango. Shafukan wannan mujalla kuma a buɗe suke ga duk wanda ya kalli fim ya rubuto mana sharhi mai dalili, ko yabo ko suka. Ɗalibin likita da na shari'a da na aikin gona duka 'yan kallo ne kafin su zama wani abu, kuma sa'o'in da kowannenmu ke ɓatarwa gaban hoto mai motsi a mako sun isa a ce ya san yadda ake yin sa. Allah ya buɗe mana ido, ya nuna mana gaskiya gaskiya ce, ya ba mu ikon bin ta, amin.